Ɗaya, Biyu ko Garke? Yadda Za Ka Zaɓi Kifin Nemo don Ƙaramin Tankin Ruwan Gishiri

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban gilashin mai sayar da kifin ado ya ga abin da ke ruɗar mutane. 'Yan kifin nan masu ruwan lemo da ratsin fari, waɗanda yara ke kira Nemo, ashirin ko talatin a tanki ɗaya, suna rangaji a dunƙule kamar almajirai an taso su daga karatu. Babu mai cizon wani. Sai mutum ya raya a ransa cewa ai waɗannan masu son jama'a ne, bari ya ɗebi huɗu ko biyar. Kafin shekara ta zagayo sai ya tarar saura biyu. Wani ya daina cin abinci ya rame a lungu, wani an yayyage masa wutsiya, wani ya yi tsalle cikin dare aka tsince shi a ƙasa ya bushe. A auna ruwa a ga lafiya lau, gishiri daidai, abinci ba a rage ba. Abin da ya cinye su tsarin gidansu ne, wanda suka zo da shi daga teku.

Saboda haka kafin a yi maganar nawa za a saya, sai an san yadda suke zaune a can. Akwai kimanin iri 30 na wannan kifi, a Tekun Indiya, da Bahar Maliya, da yammacin Tekun Fasifik. Babu ko ɗaya a Tekun Atlantika, don haka ba a kama shi a gaɓar Legas ko Kwatano ko Akra. Duk wanda ka gani a wannan yanki namu jirgi ne ya kawo shi, ko shi ko iyayensa. Mafi kusa da mu shi ne mai ratsi biyu, Amphiprion bicinctus, wanda ke cikin duwatsun murjanin Bahar Maliya, daga gaɓar Bur Sudan har tsallake wajen Jidda.

A teku, gidan wannan kifi wata halitta ce da ake kira anemoni. Ka gan shi kamar fure, amma dabba ne mai yatsu masu dafi, yana manne da dutse. Sauran kifaye na gudunsa, shi kuwa Nemo akwai wani yauƙi a jikinsa da ke hana a harbe shi, sai ya mayar da wurin ɗakin kwana da katangar tsaro gaba ɗaya. A kowane anemoni akwai uwargida guda, ita ce mafi girma. Sai mijinta, wanda ke bi mata a girma. Sauran duk 'yan jiran gado ne, ba sa aure, ba sa haihuwa, kowa ya san matsayinsa. Idan uwargida ta mutu, mijin ne ke rikiɗa ya zama mace, na bayansa ya ƙara jiki ya zama miji, layi ya matsa gaba da taki ɗaya. Masu bincike Hans Fricke da Simone Fricke ne suka bayyana wannan a 1977. Daga baya Peter Buston, wanda ya yi aiki a kan wani irin Nemo da ake kira perkula a Madang ta Papuwa Niyu Gini, ya nuna a 2003 cewa na ƙasa da gangan yake taƙaita girmansa. Kowane kifi yakan tsaya a wajen kashi 80 cikin 100 na tsawon wanda ke samansa. In ya kuskura ya matso kusa, a kore shi daga gida, wanda aka kora kuwa abincin manyan kifaye ne.

Abu biyu za ka riƙe daga nan. Na farko, namiji yana zama mace, amma mace ba ta komawa namiji har abada. Na biyu, hukuncin da suka sani shi ne kora, a cikin gilashi mai tsawon santimita 60 kuwa wanda aka kora ba shi da wurin zuwa. Kullum yana gaban wadda ta kore shi, ita kuma kullum gani take ya ƙi bin umarni.

Kifi ɗaya tak

Mutane na jin tausayin kifin da ke zaune shi kaɗai, amma wannan tausayin namu ne. Nemo ɗaya yana ci, yana girma, yana sanin mai ba shi abinci, har ya riƙa tasowa gaban gilashi in ya ga an shigo ɗaki. Ƙazantar da yake fitarwa rabin ta biyu ce, wanda a ƙaramin tanki ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ba faɗa, ba fargabar wayewar gari a ga wani da yagaggen baki. In tankinka bai wuce lita 40 ba, nan ne zaɓinka ya tsaya, kuma ba abin kunya ba ne.

Amma akwai bashin da ake ci ba a sani ba. Kifin da ya zauna shi kaɗai ba mai danne shi, da ya balaga sai ya zama mace. Bayan watanni, tankin gaba ɗaya ya zama ɗakinta, kowane dutse nata ne. Ranar da ka ce za ka kawo mata abokin zama, aikin ya ninka wanda za ka yi da ka sayo su tare tun farko. Ga kuma asarar kallo: rabin daɗin wannan kifi yana cikin mu'amalar biyun, yadda suke kwana a lungu ɗaya, yadda ƙaramin ke lallaɓa babbar.

Biyu

Wannan shi ne abin da nake ba kowa shawara, muddin tankin ya kai lita 75, wato jarka uku masu lita 25. Biyu shi ne ainihin ginshiƙin gidansu a teku. Sauran 'yan rakiya ne. Sai dai hanyar samun biyun ta kasu uku, kuma ba ɗaya suke ba.

Hanya ta farko, ka sayi ƙanana biyu waɗanda ba su balaga ba, masu tsawon santimita biyu da rabi zuwa huɗu, ka zuba su rana ɗaya. Ita ce mafi araha, kuma mafi yawan lokuta tana ɓullewa. Dabarar ita ce kada su zama kai ɗaya. A sami wanda ya ɗara ɗan'uwansa a fili, yadda ido zai gani ba sai an auna ba. In tsawonsu ɗaya, kowa na ganin shi ya cancanci sarauta, sai rigimar ta ja. In akwai tazara, ƙaramin yakan sallama cikin kwanaki. Za ka ga babban ya zaburo masa, shi kuma ya karkata gefe ya riƙa karkarwa kamar mai farfaɗiya. Sabon mai kiwo yakan firgita ya fara neman magani. Ba ciwo ba ne, mubaya'a ce. Yana cewa ranki ya daɗe, na bi. Da ka ga wannan karkarwa, ka kwantar da hankalinka. Abin da ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne ka ga sun kama bakin juna suna ja kamar 'yan kokawa, a maimaita yau da gobe, ba mai karkarwa. Wannan alama ce ta cewa ba wanda ya yarda ya zama na biyu, wataƙila ma dukkansu mata ne. A nan ba a jiran lokaci ya gyara, raba su ake yi.

Hanya ta biyu, ka sayi waɗanda suka riga suka daidaita, mace da mijinta. Sun fi tsada nesa ba kusa ba, amma ka sayi kwanciyar hankali, kuma in kana da burin su yi ƙwai ka rage wa kanka jiran shekara ko fiye. Matsalar ita ce gaskiyar mai sayarwa. Kifi biyu da aka jefa tanki ɗaya shekaranjiya ba ma'aurata ba ne, ko da an rubuta haka a jikin gilashi. Tsaya ka kalle su na ɗan lokaci. Ma'aurata na gaskiya girmansu ya bambanta sosai, wuri ɗaya suke shawagi, kuma in wani abu ya ba su tsoro lungu ɗaya suke faɗawa. Ka kuma sani cewa doguwar tafiya cikin leda, kowa a tasa, takan sa su ɗan sake gwada juna a sabon gida.

Hanya ta uku ita ce ƙara sabo a kan wanda ya daɗe shi kaɗai, ko wanda abokin zamansa ya mutu. Ka ɗauka kawai cewa na gidan mace ce. Wanda za ka kawo dole ya kasance ƙarami ƙwarai, kamar rabin tsawonta, kuma daga cikin garken yara aka ciro shi. Kada ka ɗauki wanda ya daɗe shi kaɗai a tankin shago, domin wataƙila shi ma ya riga ya rikiɗa, ka ga ka kawo mata kishiya ke nan, kuma a wannan gida kishi har lahira yake kaiwa. Kada ka sake shi kai tsaye. Akwai ƙaramin akwatin roba mai huji-huji da ake maƙalawa a cikin tanki. A sa baƙon a ciki na kwana uku zuwa mako, tana ganinsa, ba ta iya taɓa shi. In ta daina kai wa akwatin hari ta koma zuwa tana leƙe, sai a buɗe, gara da dare bayan an kashe fitila. Sauya wa duwatsu wuri a ranar yana taimakawa, don ita ma ta ɗan ji baƙunta.

Uku zuwa sama

Uku shi ne mafi munin lissafi a wannan kiwo, kuma na san haka ne da kuɗina. Na taɓa zuba uku a tanki mai lita 80, don mai shagon ya ce zai yi mini ragi in na haɗa da na ukun. Wata biyar suna zaune kamar 'yan uwa ɗaya. Ranar da biyu suka daidaita, na ukun ya koma zama a saman ruwa bayan famfon da ke juya ruwan tankin, a wani ɗan tsukin da bai fi faɗin yatsa biyu ba. In ya leƙo zai ɗauki abinci, uwargida ta taso, mijin na biye da ita. Sai da na sayi wani tankin dominsa, ragin da aka yi mini ya fita ta hanci.

To me ya sa na shago ba sa faɗa? Yara ne, ba su kai lokacin neman matsayi ba. Sun kuma yi yawa, duk wanda ya so cin zali bai san wa zai bi ba, tsiyar ta rarrabu a kan mutum talatin. Ba su da wani lungu da za su kare, gilashi ne fayau. Sannan ba daɗewa suke yi ba, makonni kaɗan an sayar. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da zai biyo su gidanka.

Akwai masu kiwon da ke ajiye garke, goma sha wani abu ko ashirin, kuma hotunan suna da kyau ƙwarai. Amma ka duba abin da ke bayan hoton: tanki mai ɗaruruwan lita, kifayen duk ƙyanƙyasa ɗaya aka zuba su rana ɗaya, anemoni da yawa, abinci sau da dama a yini, da matatar da za ta iya ɗaukar ƙazantar. Duk da haka ma, da yawa cikin irin waɗannan tankuna sukan fara raguwa ɗaya bayan ɗaya idan kifayen suka balaga. Wannan wasan masu babban gida ne. Mai lita 75 da ya ce zai kwaikwaya, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wane iri?

Nan ma akwai inda ake zamewa, domin suna ɗaya ake kiransu da shi a kasuwa amma halinsu ya sha bamban.

Oselaris, wato Amphiprion ocellaris, shi ne wanda kowa ya sani. Asalinsa daga Tekun Andaman, Indonesiya, Filifin, arewa maso yammacin Ostareliya har tsibiran Ryukyu na Japan. Macen takan kai santimita takwas, da wuya ta wuce 11. Shi ya fi sanyin hali a cikin masu ratsi uku, ba ya nisa da lungunsa, yana cin duk abin da aka ba shi, kuma shi aka fi kiwatawa, don haka ya fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Ga ƙaramin tanki, ban ga na biyunsa ba.

Perkula, Amphiprion percula, ɗan'uwansa ne na kusa, har ana ruɗa su. Shi daga Papuwa Niyu Gini, tsibiran Solomon da arewacin Kwinslan ta Ostareliya yake. Baƙin layin da ke kewaye ratsinsa ya fi kauri, kewayen ƙwayar idonsa ya fi hasken lemo, kuma yawanci ƙayoyin gadon bayansa 10 ne, na oselaris 11. Ya ɗan fi ƙanƙanta, girmansa na tafiya a hankali, kuma ratsin ƙananansa kan ɗauki lokaci kafin ya cika. A buƙatun tanki babu bambanci. In launin ya burge ka kuma aljihu ya yarda, ba ka yi kuskure ba.

Marun, mai launin jan goro da ƙaya a kumatu, shi ne wanda nake roƙon sabon mai kiwo ya kalla ya wuce. Kyakkyawa ne, musamman na yankin Sumatra mai ratsin ruwan zinariya. A shago za ka gan shi ɗan mitsitsi, amma macen na iya kai santimita 17, mijin kuwa sau da yawa bai kai rabinta ba. Takan kwashe yashi da wutsiya, ta ture murjanin da ka jera, ta ciji hannun mai gida har jini ya fito. Haɗa marun biyu sana'a ce mai zaman kanta, domin macen na iya kashe wanda aka kawo mata cikin dare ɗaya. Ƙasa da lita 115 kada ma a fara, kuma ko a nan ita kaɗai za ta mallaki wurin. Ƙayar kumatun nan tana sarƙewa a raga, don haka da kwano ko leda ake kama shi.

Irin da ake kira kilarki da kuma mai launin tumatir suna tsakiya, amma sun fi karkata wajen marun. Duka biyun sukan kai santimita 14 zuwa 15. Suna da ƙarfin jiki, da wuya su yi ciwo, shi ya sa ake tura wa sabbin shiga su. Sai dai kilarki mai yawo ne, yana son fili, na tumatir kuwa yana tsufa yana ƙara duhu da baƙin hali. Su ma na tanki mai lita 115 zuwa sama ne. Akwai kuma masu farin layi a gadon baya, irin Amphiprion perideraion mai ruwan hoda, wanda bai wuce santimita 10 ba. Girmansa ya dace da ƙaramin tanki, amma matsoraci ne, kuma da ya firgita sai tsalle.

A haɗa iri biyu fa, ɗaya daga nan ɗaya daga can? A ƙaramin tanki, a'a. Mai ƙarfin zai kashe mai sanyin, kuma mun san wanda zai rage in an haɗa marun da oselaris. Wani bincike da Kina Hayashi da Vincent Laudet suka fitar a 2024 daga cibiyar kimiyya da fasaha ta Okinawa a Japan ya nuna cewa oselaris yana lura da yawan farin ratsin da ke jikin baƙo, kuma ya fi huce haushinsa a kan mai ratsi uku irin nasa. Wato wanda ya fi kama da shi, shi ne babban abokin gabarsa. Wannan bai zama lasisin haɗa iri daban-daban ba. Abin da yake nunawa shi ne dalilin da na uku ɗan irinsu ke shan wuya haka. Oselaris da perkula kam sukan daidaita har su hayayyafa, amma ban ga amfanin gauraya jini biyu ba alhali kowanne ana samun ɗan'uwansa.

Abin da ba laifi shi ne haɗa launi biyu na iri ɗaya. Baƙin oselaris, wanda asalinsa daga wajen Darwin ne a arewacin Ostareliya, zai zauna da mai ruwan lemo lafiya lau, domin su a wurinsu jinsi ɗaya ne. Haka masu yaɗaɗɗen farin da masu kiwo suka fitar suka laƙaba wa sunayen kasuwa irin su Snowflake. Kawai ka tambaya a tabbatar maka asalin irin, domin wanda ake kira Picasso, alal misali, perkula ne. Tsadar launi ba ta ƙara wa kifi lafiya ko hankali. Ado kawai ka saya.

Na gona ko na teku

A nan ba ni da dogon zance. Tun shekarun 1970 ake kiwon wannan kifi don sayarwa a Florida ta Amurka, yau kuma gonakinsa sun bazu har Asiya da Turai. Na gona ya buɗe ido ya ga gilashi, ya saba da busasshen abinci, kuma ka san yaro ne, wanda shi ne sharaɗin haɗa biyu. Na teku ba ka san shekarunsa ba, ba ka san ko ya riga ya zama mace ba, kuma shi ne ya fi zuwa da cutar Brooklynella, wadda ke sa fata ta yi farin yauƙi tana saɓulewa, numfashi ya yi sauri, kifi ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. A wasu sassan Filifin da Indonesiya an daɗe ana fama da masu kama kifin ado da gubar sayanaid, wadda ke kashe murjani ta kuma bar kifin da lahani a ciki. Aibin na gona ɗaya ne: wani lokaci akan samu mai karkataccen baki, ko gajeren murfin kunne, ko doro. Duba da kyau kafin a ƙulle leda. Ko wanne ka saya, in da hali ya yi mako huɗu a wani tankin keɓe kafin ya shiga babban, musamman in akwai wani kifi a ciki.

Lita 40 da lita 75: ina bambancin yake?

Za ka ji wani ya ce shi biyu yake ajiyewa a lita 40 kuma suna nan lafiya. Ba ƙarya yake yi ba. Oselaris ba mai yawo ba ne, a teku ma da wuya ya yi nisa da anemoninsa. Abin da ƙaramin ruwa ke hana ka shi ne damar yin kuskure. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Ruwa na tashi ya bi iska, gishiri kuwa yana nan. In lita biyu ta ƙafe daga lita 40, gishirin ya haura daga 35 zuwa kusan 37. In daga lita 80 ne, bai kai 36 ba. Wanda ya san yadda iskar hunturu ke shanye wanki cikin awa guda ya san lita biyu ba wani abu ba ne. Shi ya sa ake cike gurbin kullum da tataccen ruwa marar gishiri. Ruwan gishiri sai ranar canji, kamar kashi 10 cikin 100 duk mako. Gishirin ma na musamman ne da ake haɗawa don tankin teku, na miya ba ya yi.

Zafi ma haka. Kifin yana son digiri 24 zuwa 27. Littattafan Turawa hita suke ta nanatawa, amma wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, matsalarsa sanyaya ruwa ce. Ƙaramin tanki yana ɗaukar zafin ɗaki da sauri, ruwa mai zafi kuma iskar shaƙarsa kaɗan ce. Ƙaramar fanka da ke busa saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu, amma tana ƙara ƙafewa. In wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, kifi biyu a lita 40 za su fara haki tun kafin na lita 80 su san an yi wani abu. Wanda ba shi da inbata ko sola, aƙalla ya tanadi ɗan injin busa iska mai batir, tun kafin ya sayi kifin.

Siffar tankin ma da magana. Mai tsawo a kwance ya fi mai tsayi a tsaye, ko da litarsu ɗaya, domin saman ruwan ya fi faɗi, kuma za ka iya jera duwatsu tsibi biyu yadda ƙaramin zai sami inda zai kauce wa idon babbar a makonnin farko. Murfi dole ne, gara na raga. Kuma tankin sai ya yi mako huɗu zuwa shida yana aiki ba kifi, har ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga ƙazantar kifi, su zauna, gwaji ya nuna amoniya da naitirait, gubar da amoniya ke rikiɗa ta zama, duka sifili. Sauri ya haifi nawa, a nan kuwa gawa yake haifa.

Anemoni fa?

Ba sa buƙatarsa a tanki, domin ba mai farautarsu. Cikin nau'o'in anemoni sama da 1,000, kusan 10 kawai ke karɓar wannan kifi, kuma ukun da oselaris ke zama da su a teku, Heteractis magnifica da Stichodactyla gigantea da Stichodactyla mertensii, suna cikin mafi wuyar rayawa, ga girma kamar faifai ko fiye. Wanda ya fi sauƙi shi ne mai kumburarren kan yatsu, Entacmaea quadricolor, kuma oselaris yakan karɓe shi, amma ba alkawari. Wani sai ya yi watanni bai ko kalle shi ba. Anemonin yana son haske mai ƙarfi da tankin da ya haura wata shida. Yana kuma tafiya da ƙafarsa, in ya faɗa bakin famfo ya niƙe, a lita 75 zai iya tafiya da duk abin da ke ciki kafin asuba. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: kifin da ya sami anemoni ya fi zafin kare gida, don yanzu yana da abin karewa. Ni dai a shekarar farko sai in ce a bar shi. Za su zaɓi wani abu su mayar gida, wani murjani mai laushi, ko kusurwar gilashi, ko jikin famfo, ko ƙaramar tukunyar ƙasa da aka kwantar, wadda masu kiwo don ƙwai ma ita suke sakawa.

In kana son ƙarin motsi a tankin, ƙaramin kifin gobi mai zaman ƙasa, ko jatan lande mai share jikin kifi, da 'yan dodon koɗi masu cin gansakuka sun isa. A guji ƙananan shuɗɗan kifayen nan na dangin damsel duk da arharsu. Dangin Nemo ne na kusa, kuma rigimarsu iri ɗaya ce.

Abu na ƙarshe da ya kamata ya shiga lissafinka shi ne daɗewa. Oselaris da aka kula da shi yakan haura shekara 10 cikin sauƙi, akwai masu kai 20, Buston ma ya ƙiyasta cewa macen perkula a teku na iya kai 30. Biyun da ka zaɓa yau za su iya ganin auren yaron da ya matsa maka ka saye su.

In komai ya tafi daidai, bayan shekara ɗaya ko biyu wata rana za ka ga suna tsattsage wani wuri a jikin dutse da baki, suna ta gogewa. Kwana kaɗan sai ga ƙwai ɗaruruwa a manne, masu launin lemo. Mijin ne mai reno: yana yi musu fifita da fiffikensa, yana tsince waɗanda suka lalace, har launin ya koma duhu, ƙananan idanu su fara ƙyalli kamar azurfa. Wajen kwana bakwai zuwa tara sai su ƙyanƙyashe bayan an kashe fitila. A tankin gida ba sa rayuwa, famfo da iyayen kansu za su gama da su, sai in an kwashe su zuwa wani tanki an ciyar da su ƙananan halittun da ake kira rotifa. Bayan kamar mako biyu za a sake zubawa a wuri ɗaya. Daga ranar da aka fara ƙwai, in za ka goge gilashi ka sa safar hannu, domin uwargida ba ta san kai ne mai ba ta abinci ba.